Ranar da Iya Ta Kira Ban Amsa Ba

Ban tabbata shekaruna nawa ba a lokacin, wataƙila bakwai, wataƙila takwas. Na dai san lokacin cire gyaɗa ne, domin ƙamshin ɓawonta a wuta shi ne farkon abin da ke zuwar mini. A gidanmu na ƙauye, gabas da Kazaure, in an kawo gyaɗa gida aikin ɓara yakan faɗo kan yara da tsofaffi. Bayan an ci tuwo, kakata, wadda kowa har ’ya’yan cikinta ke kira Iya, takan sa a hura mata wuta a ƙofar ɗakinta, a juye kwando a tsakiya, mu jikoki mu kewaye. Ƙwaya a ƙwarya, ɓawo a wuta, wadda ta kauce ta shiga baki. Ladan aikin kuwa tatsuniya ce.

Tana da salon buɗewa nata na kanta, wanda ban taɓa ji a wani gida ba. Takan kakkaɓe hannu ta ce, “Na sauke ta da zafinta, wa zai miƙo ƙwarya?” Mu kuma mu haɗa baki mu ce, “Ga tamu, Iya, zuba.”

Doka ɗaya gare ta, ba ta kuma taɓa sassauta ta ba: ba ta ba da labari ga wanda ya yi shiru. Duk inda ta ja numfashi, dole wani ya ce “to,” ko “na’am,” ko “sai me ya faru?” In ta tsaya ba ta ji komai ba, labari ya tsaya ke nan, ko da kura ta riga ta buɗe baki.

“Ni ba rediyo ba ce,” haka takan ce. “Rediyo ne ke surutu ko ba kowa a ɗaki.”

Idanunta sun fara rauni tun a lokacin, don haka da kunne take ƙirga mu. Ni ne na fi shan kira, saboda ni yaro ne mai yawan tunani kafin ya buɗe baki. Kafin in gama auna ko nan ne wurin cewa “to,” wani ya riga ni.

“Isuhu, mijin banza! Barci ka yi ko sakina ka yi?”

“Ina nan, Iya.”

“To in kana nan ka ce kana nan mana. Ta ina zan sani cikin duhu? Ku ga miji, ba cefane, ba magana.”

Sai a kwashe da dariya, ta lalubo kaina ta dungure, ta ɗora daga inda ta tsaya.

Wadda muka fi roƙo ita ce ta ’yar maƙeri. Wai a wata shekara aka yi ruwa kwana bakwai ba ɗaukewa, har wutar kowane murhu a garin ta mutu. Babu gidan da za a aiki yarinya ɗebo wuta, don kowa toka mai sanyi gare shi. Sai ’yar maƙerin garin ta ɗauki kasko ta hau wani rimi da ba wanda ya taɓa ganin ƙarshensa, ta nufi garin sama, tunda taurarin nan da muke gani, in ji Iya, wutar girkin mutanen can ce. Da ta isa ta tarar da gari fayau, ba kowa sai wata tsohuwa ita kaɗai, tana bin murhu ɗaya bayan ɗaya tana ƙara itace. ’Ya’yanta duk sun watse tuntuni.

Tsohuwar ta cika mata kasko da garwashi, ta ce ba ta son komai a wurinta sai abu guda. “In kin fara sauka zan riƙa kiranki, ke kuma ki riƙa amsawa. Muddin kina amsawa wutar nan ba za ta mutu ba.”

Nan ne wurin da muka fi so. Iya za ta ƙanƙance murya ta ja, “’Yar maƙeriii!” mu kuma mu amsa mata da iya ƙarfinmu, “Na’aaam!” Tana ƙara nisa muna ƙara ihu, har sai kawuna ya yi gyaran murya daga ɗakinsa. Amma da yarinyar ta kusa ƙasa sai ta hango gari kaf ya taru a gindin rimin, da makaɗa da samari, kowa ya zuba mata ido. Kiran ya zo daga sama. Ta ce a ranta, in mutanen nan suka ji ni ina wa sama ihu, ai cewa za su yi na taɓu. Sau uku aka kira ta, sau uku tana haɗiyewa. Da ƙafarta ta taɓa ƙasa ta leƙa kasko, gawayi ne baƙi ƙirin.

Wata rana na tambaya, bayan na daɗe ina juya tambayar, “To mutanen garin fa, Iya? Yunwa ta kashe su?”

“Ina! Ubanta ya tuna yana da ƙyastu na kunna wuta a tsohon burgamensa na fata. Ya ƙyasta, kafin la’asar kowa ya ɗora tukunya.”

“To ai ba a yi asarar komai ba ke nan.”

Ta juyo da fuskarta inda muryata ta fito. “Haka ka gani?” Ta miƙe ta kakkaɓe ɓawon da ke jikinta ta ce, “Na kakkaɓe zanena, wanda ya tsinci saura nasa ne,” muka watse.

Na zo Dubai a 2017, bayan na gama karatun harsuna a jami’a na kuma yi hidimar ƙasa. Aikin da na samu a wani ƙaramin kamfani ne da ke rubuta fassarar da ake gani a ƙasan fim, yana kuma da ɗakin ɗaukar sauti a wani tsohon sito da aka gyara a Dubai Investments Park. Ina kwana a unguwar Deira, ɗaki ɗaya da Bulus, mutumin Kafanchan mai gyaran na’urar sanyaya ɗaki. Shi ya laƙaba mini Malam Wataƙila, wai ko an tambaye ni ko na ci abinci sai na ce akwai yiwuwa. Ban ce ƙarya ya yi ba. A ƙasar da zamanka ya rataya a kan biza, bizar kuma ta rataya a kan kamfani, na ga kamar ya fi mini sauƙi in riƙa taka-tsantsan da kowace kalma.

A tsakiyar 2019, daidai lokacin da ake duba ko za a sabunta mini kwantaragi, wani babban fim na ’yan sama jannati ya zo ɗaukar wasu sassa a garin. An rufe tituna da asuba, an kai manyan motoci cikin rairayi, kowa a ofis ya sa hannu a takardar cewa ba zai faɗa wa kowa komai ba. Rabonmu a aikin ɗan ƙarami ne. Masu haɗa sautin fim ɗin suna neman muryar tsohuwa, cikin harshen da yawancin masu kallo ba za su gane ba, kuma sun fi son wadda ta zo ta waya daga nesa, da ƙuginta da tsinkewarta. An gwada mata da yawa ba su yi musu ba. Ni kuwa na taɓa ba injiniyanmu Nadim, ɗan Labanon, labarin Iya a wurin cin abinci. Sai ya nuna ni a gaban manaja ya ce, “Yusuf yana da kaka mai ba da labari.” Karo na farko ke nan da manajan ya kira sunana daidai.

Ƙanwar mahaifina, Goggo Asabe, ita ke kula da Iya a lokacin, ita ke riƙe mata waya, ita ta kuma dangwala mata yatsa a takardar yarda. An ba mu ɗakin sauti ƙarfe uku na rana, wato sha biyu a gida. Da aka faɗa wa Iya sai na ji ta tana salati.

“Tatsuniya da rana tsaka? Su Turawan naka ba su da dare ne?”

“Suna da shi, Iya, amma ɗakin ne ba a samu sai a lokacin. In babu dama, ina iya gwada yi musu magana, ko da yake ban sani ba ko…”

“Bar shi, kada ka shaƙe. Aikin naka ne ke so?”

“Kusan haka ne.”

“To za a yi wa rana ƙarya.”

Ranar kuwa ta sa aka rufe ƙofar ɗakinta, aka toshe taga da tabarma, aka kawo mata garwashi a kasko, duk da zafin da ake yi. Goggo ta ce gumi take har zani, amma ta ƙi a buɗe.

Kafin a kira, Nadim ya shigar da ni ɗan ɗakin gilashi, ya sa mini abin kunne, ya nuna mini jar fitila. “Habibi, abokina, in wannan ta kama, ko tari ban yarda ba. Muryarta kaɗai muke so, tsaf. In ka sa baki ka ɓata mana duka.” A bayansa wata Baturiya ce zaune, babba a cikin masu sautin fim ɗin, da manajanmu a tsaye.

Ya kamata in gaya wa Iya. Na san dokarta fiye da kowa a duniya. Ya kamata in gaya wa Nadim ma cewa wannan tsohuwa ba ta magana sai ana amsawa. Na yi tunanin duka biyun. Amma na ji tsoron in na gaya mata ta ce ta fasa, in na gaya masa kuma a ce na kawo matsala. Sai na ce wa kaina wataƙila in labari ya ɗauke ta ba za ta lura ba.

Ta buɗe kamar yadda ta saba, na ce, “Ga tamu, Iya, zuba,” sannan fitilar ta kama.

Ta fara da ruwan kwana bakwai. Muryar ta tsufa, amma tana nan da ɗanɗanonta. Ta kai inda ’yar maƙeri ta ɗauki kasko, ta ja numfashi, ta jira. Ban ce komai ba. Ta ɗan ci gaba, a hankali yanzu, kamar mai tafiya tana laluben bango. Ta kai gindin rimi ta sake tsayawa.

“Isuhu?”

Na buɗe baki. Ta cikin gilashi na ga Nadim ya ɗaga tafin hannu. Baturiyar ta miƙe zaune, ta dafa ƙirji.

“Mijin banza, sakina ka yi?” Da dariya ta faɗi wannan.

Nadim ya ɗora yatsa a leɓe. Manajan ya dube ni ya gyaɗa kai.

“Isuhu, kana nan?” Dariyar ta tafi. “Ɗan nan, in kana ji na ka yi magana. Ba na gani.”

Ina jin ƙarar garwashinta. Ina jin zakara a bayan gida. Kalma biyu ce kawai, kuma suna nan a kan harshena. Na ce a raina bari ya sauke hannu tukuna, yanzu zai sauke.

“Asabe, duba mini abin nan, ko ya mutu ne.” Na ji Goggo ta ce yana aiki, lambobin suna tafiya. Aka yi shiru mai tsawo. Sai Iya ta sake cewa, ƙasa-ƙasa, ba kamar mai kira ba, “Kana nan?” Can kuma ta ce, “To.” Layin ya katse.

Fitilar ta mutu. Nadim ya buɗe ƙofa ya rungume ni. “Khalas, an gama! Mun samu!” Baturiyar tana share ido, ta ce abin da suke nema ke nan wata da watanni ba su san sunansa ba. A makon aka sabunta mini kwantaragi.

Da yamma, a tashar metro, jirgin ƙasan cikin gari, na sake kira. Na shirya bayanin gaskiya tun daga ofis, na jera shi kashi-kashi. Amma da na ji muryarta sai na ji bakina yana cewa, “Iya, layin ne ya yanke ɗazu. Ina ta magana ba kya ji.”

“Allah sarki. Ni ma na ce ai haka ne.”

“Ko mu ƙarasa yanzu?”

“A’a, an kwashe wutar, ni ma na gaji. Sun dai ji daɗi, mutanen naka?”

“Sun ji daɗi ƙwarai.”

“To madalla. In ka zo ma ƙarasa.”

Ban je ba. Hutun da zan ɗauka a ƙarshen shekarar na ɗaga shi, don aiki ya yi yawa kuma ban so a ga kamar ina gudu. Kafin in sake nema annoba ta shigo, aka rufe filayen jirgi. Kowace Juma’a ina kiranta, tana tsokanata, tana tambayar ko na samo mata abokiyar zama cikin Larabawa, ko har yanzu burodi da shayi nake kira abinci. Kowace Juma’a nakan ce yau zan faɗa mata, sai in ga kamar ba ta da ƙarfi, ko kamar tana cikin nishaɗi bai kamata in ɓata ba. Ta rasu da daminar 2020, da safe, ba wata doguwar jinya. Na karɓi gaisuwa ta waya, ina zaune a bakin gado. Bulus ya fita ya sayo mini abinci ya ajiye.

Annobar ta jinkirta fim ɗin, bai fito ba sai 2021. Da ya fito kuwa ba inda za ka juya ba ka gan shi ba. Hotonsa ya rufe jikin metro, yara a Deira suna yawo da rigunansa, direbobin tasi suna gardamar ƙarshensa. Ban faɗa wa kowa ina da hannu a ciki ba. Takardar da na sa wa hannu ta daina aiki tun ranar fitowarsa, na sani, amma na ci gaba da fakewa da ita. Niyyata kada in kalla. Bulus ne ya zo da tikiti biyu wata Juma’a.

“Tashi, Malam Wataƙila. Duniya kaf ta je sama ta dawo, kai kana nan kana gadin katifa.”

“Ban sani ba ko zan iya, akwai wani aiki da…”

“Aikin zai jira. Yalla, maza sa takalmi.”

A sinimar ana barin kujera ɗaya tsakanin mutum da mutum, kowa da takunkumi. Ba zan iya ba da labarin fim ɗin da kyau ba, don rabin farko ban fahimci komai ba, jira kawai nake. Na dai san wasu matafiya ne suka bi wata ƙara da ke zuwa daga can ƙarshen taurari, har suka iske wata tsohuwar tasha tana shawagi ba kowa a ciki. Jarumar ta shiga ita kaɗai da ’yar fitila. Kiɗan ya ɗauke. Ta taɓa wani abu a bango.

Sun cire sunana daga kiran nata, sun cire Goggo da zakara. Sun ɗan ja muryar, sun sa mata amsa-kuwwa kamar daga cikin rijiya. Ba su ɗauki ko jimla ɗaya daga tatsuniyar ba. Amma Iya ce, daga kowane bango na ɗakin, da girman da muryarta ba ta taɓa yi ba.

“Kana nan? Ɗan nan, in kana ji na ka yi magana. Ba na gani.”

Babu fassara a ƙasa. Jarumar ta durƙusa tana kuka, ba ta san me ake cewa ba. Matar da ke gabana ta sa hannu cikin takunkumi tana share hanci.

Bulus ya zabura. “Kai! Hausa ce!” Ya ja takunkuminsa ƙasa ya ɗaga murya, “Muna nan, Mama! Muna jin ki!” Daga can baya wani ya amsa, “Sannu, Iya!” Aka fara yi mana tsaki ta ko’ina, wani ma’aikaci ya haska fitila. Ni kuwa, abin da na yi shi ne na miƙa hannu ta kan kujerar da ke tsakaninmu na ja hannun rigar Bulus, na ce masa ya yi shiru kada a fitar da mu.

A metro ya kasa barin maganar. “Kai, ta tuna mini da kakata. Haka take yi in ta farka ba ta ji motsinmu ba. Amma wane marar imani ne ya bar tsohuwa tana kira haka?”

“Wataƙila wasan kwaikwayo ne kawai. An biya ta ta faɗa.”

“Kai dai ba ka da kunne, duk karatunka. Wannan ba wasa ba ne. Wani take nema, kuma ta san shi.”

Na juya ina kallon gilashi har muka sauka.

Cikin ’yan makonni wannan ɗan wurin ya zama abin da aka fi yaɗawa daga fim ɗin. Masu sharhi suka ce shi ne zuciyarsa. Wasu suka ɗora masa kiɗa, wasu suka sa shi a kan hoton karnukansu suna jiran ƙofa. Mutanenmu kuwa murna ta cika su, wai Hausa ta je inda jirgi bai je ba. A zauren wayarmu na ’yan Arewa mazauna Dubai aka kwana biyu ana gardama, ’yan Katsina na cewa harshensu ne, wani ɗan Damagaram na rantsuwa tasu ce. Wani malami ya rubuta cewa raini ne a mai da harshenmu na aljanun sama. Kowa yana da abin cewa. Sunana yana can cikin dogon jerin da ke wucewa bayan fitilu sun kama. Nata ba ya ciki, don ni aka tambaya yadda za a rubuta, na ce zan duba in dawo musu, ban dawo ba.

Sai bayan wata guda na iya roƙon Nadim ya ba ni ainihin abin da aka ɗauka ranar, wanda ba a taɓa ba. Ina so in ji farkon tatsuniyar, ko minti biyun nan ne. Ya tura mini nan take, yana dariya. “Amma ka yi haƙuri da shi, habibi, ɗanye ne. Ka san wahalar da muka sha kafin mu goge numfashinka? Kamar wanda ya yi tsere.”

Na saurara a matakalar bayan ofis. Gaskiya ya faɗa. A ƙarƙashin kowane kira nata akwai ni, ina shaƙa ina fitarwa, kusa da makirufo, a fili ƙarara. Har wurin da na buɗe baki na fasa ana ji. Kuma makirufon nan shi ne ke kai mata muryata. Matar da ta shekara ashirin tana ƙirga jikoki da kunne.

Na kira Goggo Asabe. Na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi gona, na tambayi awaki, har ta gaji.

“Isuhu, faɗi abin da ya sa ka kira. Tun kana yaro haka kake, sai ka zaga gida sau uku kafin ka nemi ruwa.”

“Goggo, ranar nan da aka ɗauki muryar Iya. Bayan an kashe waya, ko ta ce wani abu? In kin tuna.”

“Ta hana ni faɗa. Amma yanzu ai ba wanda zai dungure ni.” Na ji ta gyara zama. “Na ce mata layi ne ya lalace. Ta ce, ‘Ba layi ba ne, Asabe, yana nan, ga numfashinsa ina ji. Hala manyansa ne a kansa.’ Ta zauna cikin duhun nan ta ƙi a buɗe ƙofa har azahar ta wuce. Da ka kira da yamma ka ce layi ne, bayan ta ajiye sai ta kama hannuna ta ce, ‘Kada ki kuskura ki nuna masa na sani. Yaron nan kunya gare shi kamar amarya. In ya gane, ba zai ƙara iya kirana ba.’”

Ban tuna yadda muka yi sallama ba.

Muna yara mun ɗauka tatsuniyar ’yar maƙeri gargaɗi ce: in babba ya kira ka, ka amsa. Da na girma na ɗauka magana ce a kan jin kunyar idon jama’a. Ba na cewa waɗannan ba sa ciki. Amma yanzu abin da ke damuna shi ne, duk shekarun da muka yi muna roƙon labarin nan, mun tambayi yarinyar, mun tambayi mutanen gari, ba wanda ya taɓa tambayar tsohuwar. Gari ya samu wutarsa, kamar yadda fim ya samu muryarsa, ni ma na samu bizata. Ita kuwa tana can sama, kuma wanda ke sama ai yana hangen ƙasa. Ina jin ta ga yarinyar sarai a kan reshe, da kasko a hannu, baki a rufe. Iya ba ta taɓa gaya mana abin da tsohuwar ta yi bayan nan ba, mu ma ba mu ba ta dama ba.

Wata goma sha ɗaya ta yi tana amsa gaisuwata kowace Juma’a, tana kirana mijin banza, tana tambayar abin da na ci, alhali ta san abin da na yi, ta kuma san na yi mata ƙarya a kai. Duk tsawon lokacin ina ganin ni ne ke rufa mata, don kada ranta ya ɓaci. Ashe ita ce ke rufa mini, don kada in daina kira.